INA ZA A KAFA ALLUNAN RANA DA FANKOKIN ISKA?

Jawabin da kwamitin ƙungiyar 'yan gari ya karanta a taron bayan girbi, ƙofar gidan mai gari



Ranka ya daɗe mai gari, Allah gafarta liman da sauran malamai, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, Arɗo da jama'arsa, samari da 'yan mata, muna gaishe ku da fatan an yi girbi lafiya. Muna kuma gaida 'yan'uwanmu 'yan ci-rani da takardar nan za ta iske a Yamai, da Arlit, da Kano, da Ikko, da Kwatano, da Abijan. Allah ya maido ku gida lafiya.

Tun bara 'yan'uwa ke aiko muna da tambaya guda. Sun ji a rediyo ana maganar wutar lantarki ta rana da ta iska, wasu ma sun ga tashar Malbaza da idonsu daga cikin mota. Tambayarsu ita ce: in aikin nan ya biyo ta wajenmu, gonar wa za ta tafi, kuma wa ke yanke shawara? Har yau babu wanda ya zo garinmu da ma'auni, kuma shi ya sa muka ga lokacin magana ya yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

1. ME YA KAWO MAGANAR

Neman wuta daga rana tsohon aiki ne a ƙasarmu. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ma'aikatar binciken ƙarfin rana daga 1969 zuwa 1985. Tun lokacin ake ƙera tukunyar dafa ruwa da murhun rana a Yamai. Amma wutar birane ta ci gaba da zuwa daga Nijeriya: wayar Birnin Kabi ta iso Yamai a 1976, daga baya wata ta shigo daga Katsina zuwa Gazawa don Maraɗi da Damagaram. An kai lokacin da kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin Nigelec ke rabawa daga can take fitowa.

A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulki, Nijeriya ta yanke wutar saboda takunkumi, ba a ɗage shi ba sai a watan Fabrairu na 2024. Waɗanda ke Yamai da Maraɗi sun san abin da aka sha: mai niƙa ya zauna, mai walda ya zauna, kifi da nama sun lalace, asibiti na neman man inji. Tun daga nan babu mai mulkin da zai yarda ya rataya wutar ƙasa ga maƙwabci. Ƙasarmu tana da rana, tana da iska, don haka za a ƙara gina tashoshi. Kuma tasha a bisa ƙasa ake gina ta.

Ga abin da aka riga aka yi. An buɗe tashar rana ta Malbaza a 2018, mai ƙarfin megawat 7. An buɗe ta Goru Banda kusa da Yamai a watan Yuli na 2023, mai megawat 30, da alluna sama da 55,000 bisa fili hekta 27. A watan Maris na 2022 gwamnatin lokacin ta sa hannu da kamfanin Savannah Energy kan tashar iska ta Tarka cikin jahar Tawa, wadda aka ce za ta iya kai megawat 250 da fankoki har 60. Megawat ɗaya shi ne kilowat 1,000.

2. YADDA AKE ZAƁEN WURI

Masu aikin ba su zaɓen fili da ka. Ga tashar rana, abu na farko da suke dubawa shi ne babbar waya da gidan rarraba wuta, don kowane kilomita na sabuwar waya kuɗi ne masu yawa. Sannan suna son fili shimfiɗaɗɗe wanda ruwa ba ya kwanciya, kusa da hanyar mota. Suna kuma bukatar ruwa, don ƙurar hunturu tana rufe fuskar allo ta rage ƙarfinsa, sai an riƙa wankewa. Saboda haka duk garin da ke gefen kwalta, babbar waya ta ratsa ƙasarsa, yana da rijiya mai ruwa, ya san yana cikin waɗanda za a duba.

Ga tashar iska, tudu ake nema, inda iska ke kaɗawa ba tare da shamaki ba, irin tuddan Adar. Kafin a fara komi sai an kafa dogon ƙarfe mai auna iska, ya yi aƙalla shekara guda a tsaye. In kuka ga irin ƙarfen nan ya tashi a dajinku, ku san magana ta yi nisa.

Ayyukan biyu ba iri ɗaya suke cin ƙasa ba, kuma wannan ne ya kamata kowa ya riƙe. Allunan rana, waɗanda muke ce ma pano, suna rufe fili gaba ɗaya. Kowane megawat yana cin hekta ɗaya zuwa biyu. A sare itace, a daidaita ƙasa, a kewaye da waya, a sa mai gadi, shekara 25 ko fiye. Fankar iska kuwa doguwa ce, ta zamani tana wuce mita 100, amma gindinta kaɗan yake ci, kuma tsakanin wannan da waccan akwai ɗaruruwan mitoci. Ana noma a tsakaninsu, dabbobi suna kiwo. Illarta ita ce ƙugi da inuwar da ke giftawa in tana kusa da gidaje, da manyan hanyoyin da za a fasa cikin gonaki don shigo da fukafukanta. Mutanen kwarin Majiya da suka fara dasa layukan bedi tun 1975 don tare iska za su so su san itace nawa hanyar za ta ci.

3. WA KE DA MAGANA

Babbar tasha a Yamai ake yanke shawararta, tsakanin ma'aikatar makamashi da Nigelec da masu ba da kuɗi. Amma maganar fili tana saukowa jaha, da gunduma, da kwamin, har ta iso ƙofar gidan nan. Dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda muke kira kofo. Akwai kofo na gunduma ƙarƙashin perfe, akwai na kwamin, akwai na gari wanda mai gari ke shugabanta, da wakilan manoma, da makiyaya, da mata, da samari. A jaha kuma akwai ofishin dokar karkara ƙarƙashin gwamna. A 2024 an rushe majalisun kwamin da na jaha aka naɗa wakilan gwamnati su riƙe, amma dokar karkara tana nan, kofo na gari yana nan.

Dokar ta ce kowace jaha ta yi taswirar tsarin ƙasarta, a nuna ina ne gonaki, ina ne makiyaya, ina burtali ya bi, ina mashaya da gandun daji. Jahar Doso ce ta fara kammala tata a 2018. Taswirar nan ita ce ma'aikaci zai buɗe ranar da aka ce ya nemo fili. Abin da aka rubuta a ciki zai kewaye shi. Abin da ba a rubuta ba zai ɗauka fili ne na banza.

Akwai dokoki uku da ke bayanmu, in mun san su.

Ta farko, dokar 1993 ta ce haƙƙin gado na al'ada da haƙƙin takarda kariyarsu ɗaya. Wanda ya gaji gona daga kakansa mai gona ne ko ba shi da takarda. Amma ranar lissafin diyya mai takarda ya fi saurin samun biya, mara takarda sai ya nemo shaidu. Kofo na gari yana ba da takardar shaidar gado, da ta saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta jingina.

Ta biyu, dokar karɓar fili don amfanin jama'a ta 1961, wadda aka gyara a 2008. Gwamnati tana da ikon karɓar gonar mutum don aikin da zai amfani kowa, amma sai an yi sanarwa, an yi bincike a buɗe, an ƙidaya mutane da dukiyarsu, an biya diyya ta adalci kafin a karɓa. Ku riƙe kalmar nan: kafin.

Ta uku, dokar kiwo ta 2010. Ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, kuma burtali da makiyaya dukiyar jama'a ce wadda ba a mallaka ma mutum guda. Ban da waɗannan, dokar 2018 ta wajabta a binciki illar kowane babban aiki ga mutane da muhalli, a kuma saurari jama'ar wurin kafin a ba da izini.

4. RA'AYIN KWAMITI

Mun zauna mun duba ƙasarmu kashi uku: fadama, jigawa, da fako.

Fadama ba ta cikin ciniki. Nan albasa take, nan rijiyoyin lambu suke, ita ce ke riƙe samari a gida lokacin rani. Kowace hekta ta fadama da ta tafi, gida guda ne ya koma ci-rani.

Jigawa ita ce cikinmu. Bari mu yi lissafi a gaban kowa. Hekta ɗaya ta hatsi tana ba da kamar buhu 4 ko 5 a shekara mai dama. Cikin shekara 25 ya zama buhu 100 zuwa 125. Ba mu sa wake ba, ba mu sa kara da harawa ba, ba mu sa 'ya'yan gawo da awaki ke ci ba. Duk wanda aka miƙa ma kuɗin gona ya fara wannan lissafi kafin ya dangwala yatsa. Kuɗin diyya suna shiga biki, da babur, da biyan bashi, cikin shekara biyu sun ƙare. Gona kuwa kowace damina tana haihuwa. Kuma itatuwan da ke cikinta ba su fito da kansu ba: tun wajen 1983 manoman jahar Maraɗi suka koma barin tsiron kututture suna sassabe shi, har aka kai ana lissafin hekta miliyan 5 da suka sake yin itace a ƙasar nan. Aikin shekara 40 ne, kada a ƙidaya shi kamar ciyawa.

Saura fako da tudun tsakuwa. Nan ne ya dace da alluna. Ƙasar tana da tauri, ruwa ba ya kwanciya, garma ba ta shiga. In aiki ya zo, mu da kanmu za mu kai ma'aikata can mu nuna musu.

Amma a nan akwai gyara, kuma muna roƙon manoma su saurara da kyau. Fakon da muke cewa ba na kowa ba ne, da damina nan dabbobi ke tsayawa don kada su shiga shuka. Nan mata ke samun itacen girki. Wani wurin kuma an haƙa rabin wata da tassa an farfaɗo da shi da gumin jama'a. In aka kewaye shi da waya ba a bar hanya ba, shanu ba su da fukafukai, gona za su faɗa. Mun san inda irin wannan ke kaiwa. Dattawan da ke nan suna tune da abin da ya faru a Toda cikin 1991, inda aka rasa rayuka sama da 100 a rikicin manoma da makiyaya. Allah kada ya maimaita muna. A ƙasar Kenya ma an kafa fankoki 365 kusa da tafkin Turkana bisa filin da makiyaya ke kiwo, ga shi a 2021 kotu ta ce ba a bi ƙa'ida ba wurin ba da filin. Saboda haka ba za mu nuna ko taki ɗaya na fako ba sai Arɗo da jama'arsa suna tsaye tare da mu.

5. ABIN DA ZA MU NEMA IN AN ZO

Na ɗaya, wuta. Kada kowa ya ɗauka cewa in tasha tana bayan gari to gari ya samu haske. Wutar tasha tana hawa babbar waya ta wuce birni. Kafin ta shiga gida sai an kafa taransifoma, an ja ƙananan wayoyi, an sa kwanta. A ƙasarmu kusan mutum 1 cikin 5 ne ke da lantarki, a ƙauye kuwa abin ya fi haka ƙaranci nesa. Akwai hukumar kai wuta karkara da aka kafa a 2013. Za mu nemi a rubuta cikin yarjejeniya cewa ɗakin shan magani, da lakwal, da famfon ruwa, da injin niƙa za su samu wuta lokaci guda da tashar.

Na biyu, gona a madadin gona ga wanda ya rasa tasa, in akwai inda za a ba shi. In babu, muna ganin haya ta shekara-shekara ta fi saye, don ƙasa ta zauna hannun magada. Ga fankar iska ma haya ce ta fi dacewa, tunda mai gona zai ci gaba da noma kewaye da ita.

Na uku, a ƙidaya kowa. Mai gona, da mai aro, da mai jingina, da matar da ke noma gamanarta cikin gandun mijinta, da gwauruwar da ke riƙe da gonar marayu. Sau da yawa mai gona ke karɓar kuɗi, wanda ke ci daga gonar ya tashi hannu wofi.

Na huɗu, ruwa. A gaya muna daga ina za a ɗebi ruwan wanke alluna, kuma nawa. In za su haƙa rijiyar burtsatse, a fitar da famfo guda waje don gari da dabbobi.

Na biyar, hanya da kiwo. A bar burtali yadda yake da faɗinsa. A wasu ƙasashe ana barin tumaki su yi kiwo ƙarƙashin alluna, sun ci ciyawa, an huta da yankanta. Za mu tambaya ko za a yarda da haka, ko a bar mata su yanki ciyawar.

Na shida, aiki. Lokacin gini ana ɗaukar lebura da yawa, amma in an gama mutane kaɗan ke saura: masu gadi, masu wanki, da ƙwararru. Kada wani ya bar sana'arsa a Kano ya taho don jin an ce za a ɗauki ma'aikata. Abin da za mu nema shi ne a fara da 'yan gari, a kuma koya ma samarinmu gyaran wuta.

Na bakwai, wa'adi. Masu zuwa Katsina sun ga fankoki 37 na Lambar Rimi, aikin da ya ɗauki fiye da shekara 10 ana jiran kammala shi. Aiki yana iya tsayawa saboda kuɗi, ko tsaro, ko canjin gwamnati. A rubuta cewa in an yi shekaru kaza ba a fara gini ba, fili ya koma ga masu shi, kuma kafin a fara a bar mutane su yi shuka. A rubuta kuma wanda zai kwashe ƙarafa ranar da tasha ta tsufa.

6. GARE KU 'YAN CI-RANI

Ku ne kuka fi kowa shiga haɗari. Ƙidayar masu gona kwana kaɗan take ɗauka, kuma da rani aka fi yin ta, lokacin da rabin mazan gari ba su nan. Wanda ba a rubuta sunansa ba kafin a rufe littafi, shigarsa daga baya tana da wuya. Saboda haka kowa ya naɗa wakili tun yanzu, a gaban mai gari da shaidu biyu, ya bar lambar wayarsa wurin magatakardan ƙungiya. Wanda gonarsa ke hannun ɗan'uwa aro, a rubuta aro ne. Gidan da ba a raba gado ba tun rasuwar mahaifi, a zauna da malamai a raba, a ba mata rabonsu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ku kuma yi hattara da dillalai. In mutumin birni ya zo yana neman sayen fako ko tudun da ko akuya ba ta hawa, yana ba da kuɗin da ya fi ƙima, ku tambayi kanku abin da ya sani wanda ba ku sani ba. Kada kowa ya sayar da ƙasa ta waya. Kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa bisa takardar da ba a karanta masa da Hausa ba a gaban jama'a.

7. SHAWARWARIN DA MUKE KAWO MA TARO

Ɗaya: a farfaɗo da kofo na gari, a cike gurbin waɗanda suka rasu ko suka yi ƙaura, a tabbata akwai mata da makiyaya a ciki.

Biyu: kafin damina, dattawa da Arɗo da samari masu karatu su zagaya ƙasar gari, a rubuta iyakar burtali, da makiyaya, da mashaya, da maƙabarta, a dasa alama. A kai kwafi kwamin da gunduma, a nemi a shigar da su taswirar jaha.

Uku: kowane mai gida ya nemi takardar gonarsa wurin kofo. Ƙungiya za ta taimaka ma gwauraye da marayu daga asusunta.

Huɗu: a ware wuri guda ko biyu na fako wanda manoma da makiyaya suka yarda da shi, don in an zo neman fili mu riga kowa nunawa.

Biyar: duk baƙon da ya zo da maganar fili a kai shi wurin mai gari, a buga ganga, a yi magana a fili. Babu mai yin ciniki shi kaɗai da sunan gari.

Shida: reshen ƙungiya na Yamai ya nemo muna kwafin dokokin da muka ambata, malaman lakwal su fassara muna muhimman wurare a fitowa ta gaba.

Jama'a, muna son wuta. 'Ya'yanmu suna karatu da tocila, ungozoma tana karɓar haihuwa da hasken waya, maganin rigakafi yana bukatar sanyi. Duk wanda ya kawo muna haske za mu tarbe shi da fura. Abin da muke roƙon hukuma, tun daga kwamin har fadar gwamna, shi ne a tambaye mu kafin a kafa turke, don mu muka san inda ruwa ke bi da inda shanu ke bi.

Wanda ke da gyara ko ƙari ya tashi ya faɗa, magatakarda yana rubutawa. Waɗanda ke nesa su aiko da nasu kafin taron Salla.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Allah gafarta liman, a yi muna fatiha.